Likkafar Azurfa daga Mazanga

Masu riƙe da tarihin Dawanya suna alfahari da cewa ba a taɓa cin birninsu da yaƙi ba, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ba su cika son faɗa ba shi ne yadda ganuwa ta tsira, garin da ke cikinta ya zube. Wannan ya faru ne a zamanin Sarki Tankari, shekara goma sha huɗu da hawansa gado.

Dawanya gari ne na marina da majema. Baƙin rawani da jar fatar da ake yi a can, fatake ke ɗauka su haye Kogin Maraki ta mashigin Tsaure, su kai yamma, su komo da gishiri da goro da tagulla. Ana nan sai wata daula ta taso a yamma da kogin, ana ce mata Mazanga, sarkinta kuwa Koro Ganda. Cikin shekara bakwai ya ci garuruwa goma sha biyu, ya girke dakaru a mashigin, ya ce ba ayarin da zai ƙara hayewa sai na ƙasar da ta ƙulla alkawari da shi. A shekarar ne kuma fara ta sauka a Dawanya ta cinye gero tun bai yi ido ba. Marina suka rufe ramukansu don ba mai sayen rini, yunwa ta kai har mata suna tona gidan tururuwa suna neman tsaba.

Da abin ya kai haka, Sarki Tankari ya nemi wanda zai aika Mazanga. Aka nuna masa wani madugu mai suna Abarshi, wanda ya yi shekara tara yana fatauci cikin Mazangawa tun yana saurayi, yana jin harshensu kamar a can aka yanke masa cibiya.

A harshen Mazanga kalmar aboki biyu ce. Akwai abokin da kuke jera dawaki da shi, akwai kuma wanda ke tsayawa a ƙasa ya riƙe maka likkafa in za ka sauka. Wannan na biyun suke kira dambali. Koro Ganda ya gaya wa Abarshi cewa ba shi da bukatar aboki irin na farko. Kwana arba'in Abarshi yana kai gwauro yana kai mari a fadar, yana roƙo, sarkin bai sassauta ba. A ƙarshe ya tuna yaran da ya baro suna lasar turmi, ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa da sunan Sarki Tankari, ya karɓi sunan dambali.

Da ya komo gida sai ya faɗi gaban Sarki ya ce Sarkin Mazanga ya karɓi Sarkin Dawanya aboki. Bai ƙara ba, bai rage ba, kuma ya yi ta gaya wa zuciyarsa cewa wannan ba ƙarya ba ce. Hanya ta buɗe, jakuna suka shigo da dawa da gishiri, marina suka koma aiki. Sarki ya naɗa shi Jakada, ya ba shi doki da gida kusa da fada. Kowace shekara shi ke rakiyar rawuna da fatun da ake kai wa Koro Ganda. A Dawanya gaisuwa ake kiransu, irin ta tsakanin sarki da sarki. A Mazanga kuwa, ana ganin ayarin sai a buga ganga a yi shela cewa harajin Dawanya ya iso, Abarshi yana tsaye yana ji.

Shekara uku aka yi a haka. Ran nan, a ƙarshen damina, manzon Koro Ganda ya iso fada da hantsi. Bai cire takalmi ba, bai durƙusa ba. Ya tsaya ya yi dogon jawabi, sannan ya kwance wani ƙunshi ya ajiye likkafa guda ɗaya ta azurfa a gaban Sarki.

Abin da ya faɗa shi ne, Koro Ganda zai tafi yaƙi gabas, zai bi ta Dawanya nan da kwana tara. Dambalinsa ya fito ƙofar gari a ƙasa, ba rawani, ya riƙe masa wannan likkafar ya sauka gaban rundunarsa. Abarshi ya ji kowace kalma. Ya juya ya shaida wa Sarki cewa abokinsa na tafe nan da kwana tara, ya kuma aiko da likkafa don alamar za su hau tare.

Fadawa suka yi ta yaba kyan aikin maƙeran Mazanga. Madawaki Gagare, shugaban mayaƙan Dawanya, ya ɗaga ta ya juya, ya tambaya cikin raha ko Mazangawa da ƙafa ɗaya suke hawan doki. Aka yi dariya, har da Abarshi.

Wadda ba ta yi dariya ba ita ce Magajiya Tasalla, ƙanwar mahaifin Sarki, tsohuwar da ta ga sarakuna uku kuma take zama bayan labule duk ranar fadanci. Bayan an watse ta aika aka kira mata Jakada. Ya same ta a tsakar gidanta tana kaɗi, ba ta ɗago ta dube shi ba.

Ta ce, "Jakada, ni ban san harshen mutanen nan ba, amma na san tsawon magana. Baƙo ya yi zance kamar mai wa'azi, kai ka juya shi cikin numfashi biyu. Ina ka kai sauran?"

Ya ce mata ai Mazangawa mutane ne masu yawan kirari. Ta ci gaba da murza mazari, ta ce ta ji, to me ya hana mai kirarin cire takalmi? Shekara uku Abarshi yana tsoron wannan tambayar daga bakin sarki ko na mayaƙi, sai ga shi ta fito daga bakin tsohuwa mai auduga a cinya. Ya zauna a ƙasa ya gaya mata kome, tun daga ƙasar da ya zuba a kansa har zuwa gangar haraji.

Magajiya ta ajiye mazari. Can ta ce ba za ta kai maganar ba, domin ba ita ta ɗauko ta ba. Bakin da ya ƙulla shi zai kwance, gobe, gaban kowa.

Washegari aka tashi da wani abin mamaki. Zuma ta yi gungu a jikin babban tambarin yaƙi da ke rataye a zauren fada, har ba a ganin fatarsa. Madawaki ya ce alamar nasara ce, ga runduna ta taru a kan ganga. Wasu tsofaffi suka ce a'a, zuma ba ta sauka sai inda aka daɗe ba a taɓa ba. Ana cikin wannan gardama Sarki ya fito, aka zauna, Abarshi ya matso tsakiyar fada ya warware rawaninsa ya ajiye gaban karaga.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Jiya na yi maka ƙarya, kuma ba jiya na fara ba. Sarkin Mazanga bai taɓa kiranka abokin hawa ba. Mai riƙe masa likkafa yake kiranka, kuma ni na karɓi sunan a madadinka, na zuba ƙasa a kaina. Abin da muke kai masa duk shekara, haraji suke ce masa. Waccan likkafar ba ta hawa ba ce, ta riƙewa ce. Yana so ka fito masa a ƙasa, kai ba rawani."

Kukan zumar nan daga zaure ya cika fada. Madawaki Gagare ne ya fara miƙewa, hannunsa a kan takobi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kakanninka bakwai suna kwance a bayan gidan nan, ba wanda ya taɓa sauka daga doki don wani ya hau. Ɗan tireda ya ɗauki sunan gidanku ya kai kasuwa ya sayar da shi a kan buhun dawa. A ba ni shi in raba kansa da wuyansa, a aika wa Koro Ganda kan tare da likkafarsa. In ya so ya zo, ya tarar da mu a bakin ruwa."

Yarima Nomau, ƙanen Sarki, mutum mai sanyin murya wanda ya fi zama da attajirai a kan mayaƙa, shi ya amsa masa. Ya ce dawar da Madawaki ke rainawa ita ce ta rayar da dawakinsa da masu hawansu. Ya ce Koro Ganda na tafe da mutum dubu goma sha biyar, Dawanya ko an haɗa da makafi ba ta fitar da dubu huɗu. Riƙon likkafa na ɗan lokaci ne, rufe mashigi kuwa na shekaru ne, kuma wanda ya rasa abin sa wa a baki ba ya tuna kakanni.

Sarki bai dubi ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya kira Sarkin Kasuwa, ya tambaye shi fatake nawa ne a garin nan ke jin harshen Mazanga. Sarkin Kasuwa ya ce za su kai ɗari. Sarki ya sake tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa jin gangar harajin nan. Mutumin ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Sarki ya bi fuskokin fadawa da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ga da yawa sun kafa ido a ƙasa. A nan ya gane cewa shekara uku yana zagaya kasuwa ana yi masa jinjina, rabin masu jinjinar sun san sunan da ake kiransa da shi a hayin kogi. Ya tashi ya shige gida ba tare da ya sallami kowa ba.

Bayan la'asar ya sa aka kawo masa Abarshi a barga, su biyu kawai sai dawaki. Abarshi ya zo da niyyar jin hukuncin kisa, har ya yi sallama da iyalinsa. Sarki yana tsaye yana shafa wuyan wani akawal, bayansa a juye.

Ya ce, "Ranar da ka komo daga Mazanga, ba ka kalli idona ba. Na lura. Na ce a raina, sarkin da ya ci garuruwa goma sha biyu, me zai yi da aboki mai jin yunwa? Na buɗe baki zan tambaye ka, sai na jiyo matan gari suna guɗa don sun ga jakunan hatsi. Sai na yi shiru. Kai ka ɓoye, ni kuma na ƙi tonawa. In na sa aka kashe ka, wa zai kashe ni?"

Abarshi ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka. Da a ce zagi ya sha, da ya fi masa sauƙi.

Sarki ya ce tun da Koro Ganda ma an yaudare shi, to a je a gaya masa gaskiya. Abarshi ne zai tafi, ya faɗa da bakinsa cewa Sarkin Dawanya bai taɓa sanin sunan da aka karɓa a madadinsa ba. Dawanya za ta ciyar da rundunar Mazanga in ta zo wucewa, za ta ninka rawuna da fatu, a kira su da duk sunan da aka ga dama, amma Sarki ba zai fito a ƙasa ba. Ya cire zoben hannunsa ya ba Abarshi, ya ce ya rantse da shi cewa daga ranar da ya isa har kwana uku ba Badawanyen da zai ɗaga mashi, sai an ji amsa.

Abarshi ya kama hanya da sassafe. Kwana biyu da tafiyarsa, Madawaki ya shigo ya nemi izinin zuwa duba mashigi, don kada ɓarayin shanu su yi amfani da hargitsin. Sarki ya ba shi izini. Da ya leƙa ta saman soro ya ga doki ɗari shida sun fita ta ƙofar yamma, duk da lifidi da kwalkwali, ya san ba a sa wa ɓarawon saniya lifidi. Magajiya ta aiko masa cewa ya tura a komo da su tun ba su yi nisa ba. Ya ce zai duba. Har rana ta faɗi bai tura kowa ba.

A can yamma da kogi, Abarshi ya tarar da sansanin Mazanga ya cika fadama, hayaƙin girki ya tokare sama. Koro Ganda gajeren mutum ne mai furfura a gemu, ba ya sa alkyabba, yana cin tuwo a akushi ɗaya da jarumansa. Abarshi ya durƙusa gabansa ya faɗi abin da ya faɗa a Dawanya, wannan karon da harshen Mazanga, gaban hakimai fiye da ashirin. Bai rage kome ba. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga zoben ya yi rantsuwar kwana uku.

Koro Ganda ya wanke hannu a hankali. Ya ce shekara uku yana nuna wa sarakunan da ya ci da yaƙi misalin Dawanya, yana cewa ga masu hankali da suka bi ba tare da an zubar da jini ba. Ashe tatsuniyar madugu yake ba su. Wasu hakimai suka ce a tsire Abarshi a bakin mashigi. Sarkin ya hana. Ya ce mutumin da ya tako da ƙafarsa ya tona wa kansa asiri, ya cancanci a saurari saƙonsa, kuma sarkin da ya ƙi riƙe likkafa amma ya yarda ya ciyar da runduna, ba a rasa yadda za a yi da shi. Ya ce zai ba da amsa a rana ta uku. Kafin nan, tun da an yi rantsuwa, masu kaya su fara hayewa don su rage wa runduna cunkoso.

Da hantsin rana ta biyu ayarin ya shiga ruwa. 'Yan dako ne da masu kora shanu, da mata masu girki ɗauke da tukwane, da ƙananan 'yan kasuwa masu bin sansani. Wanda ya jagorance su ɗan 'yar'uwar Koro Ganda ne, wanda a al'adarsu shi ne magajin gado. Ya hau ba sulke ba garkuwa, yana wasa da masu jakuna. Koro Ganda ya sa aka shimfiɗa masa buzu a kan tudu yana kallo, ya kira Abarshi ya zaunar kusa da shi yana tambayarsa yadda ake haɗa baba a marina.

Rabin ayarin ya kai tsakiyar ruwa ke nan sai ƙaho ya yi kuka daga cikin kurmin gabas. Abarshi ya san muryar ƙahon nan tun kafin ya ga tuta. Dawakin Madawaki suka fito daga duhuwa a jere suka afka wa waɗanda suka riga suka haye, sannan suka bi sauran cikin ruwa. Babu wanda ya tare su, domin babu mai makami. Mata suka yar da tukwane suna neman komowa, shanu suka tattake na bayansu. Magajin Mazanga ya juya dokinsa ya shiga tsakanin mahaya da matan yana ɗaga hannu, mashi biyu suka same shi a ƙirji, ruwa ya tafi da shi.

Abarshi ya miƙe yana ihu da Hausa, yana cewa akwai rantsuwa, akwai rantsuwa, kamar muryarsa za ta ƙetare kogi. Koro Ganda bai ko dube shi ba. Ya ɗaga hannu ɗaya, ganguna suka amsa.

Madawaki Gagare jarumi ne, amma bai san ruwa ba. Zafin nama ya ja shi har tsakiyar mashigi, inda ƙasa take da laka. Lifidi kuwa auduga ne, da ya sha ruwa sai ya yi nauyin da doki ba ya iya ɗaga ƙafa. Maharban Mazanga suka zo cikin jiragen ruwa daga saman kogi da ƙasansa suka sa su a tsakiya, suna harbi ba gaggawa. Kafin azahar an gama. Cikin doki ɗari shida, waɗanda suka koma kurmi ba su kai tamanin ba. An ga Madawaki a tsaye cikin ruwa iya ƙugu, dokinsa ya nutse, yana sara da takobi har kibau suka kwantar da shi.

Da yamma aka jera gawawwakin masu kaya a bakin gaɓa, aka tsamo ta magajin daga cikin ciyawa. Koro Ganda ya sa aka bi da Abarshi ta gabansu ɗaya bayan ɗaya, zoben Sarki Tankari na nan a hannunsa. Da aka komo da shi ya faɗi ya roƙi a kashe shi.

Koro Ganda ya ce, "Da ka yi mini ƙarya, mutane sun ci abinci shekara uku. Yau da ka faɗa mini gaskiya, dubi abin da ta jawo. Na yarda ba ka san da wannan ba, na ga fuskarka. Amma ba zan kashe ka ba, don ina da saƙo, kuma kai kaɗai ne za ka kai shi yadda yake."

Ya faɗi saƙon sau biyu, ya sa Abarshi ya maimaita.

Labarin mashigi ya riga Abarshi isa gida. Ya shigo ta ƙofar yamma a ƙasa, ya ratsa unguwannin da ake koke-koke, mata suna ganinsa suna juya baya. Ya tarar da fada a cike, wurin zaman Madawaki ba kowa. Sarki ya rame cikin kwana biyar kamar wanda ya yi jinya. Abarshi ya ajiye zoben a gabansa, Sarki ya kalle shi bai ɗauka ba.

Abarshi ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Zaki. Ga maganar Sarkin Mazanga, ba ragi. Ya ce ba ya son ka riƙe masa likkafa, domin hannun da ya ba da zobe ya kuma saki dawaki, ba ya so ya taɓa ƙafarsa. Ya ce ba zai yaƙi Dawanya ba, ba zai ɓata kibiya ɗaya a kan ganuwarka ba. Zai gina sabuwar kasuwa a mashigin Tsaure, duk ayarin gabas da yamma a can zai sauke. Marini ko majemi ko falke da ya je can, an ba shi fili da aminci. Wanda ya zauna a nan, kayansa ba za su ƙara haye ruwa ba. Ya ce kuma kasuwa tana son mai riƙe ta, in akwai wani daga gidan sarautar Dawanya da bai sa hannu a abin da aka yi ba, ya zo a naɗa shi."

Wani bafade ya yi ƙarfin hali ya ce ai Madawaki ne ya yi gaban kansa, Sarki bai sani ba. Sarki ya ɗaga masa hannu ya ce ya ga dawakin da idonsa.

Kwana uku bayan haka rundunar Mazanga ta iso. Mutanen gari suka hau ganuwa da baka da duwatsu da tafasasshen ruwa, suna jiran hari. Rundunar ta bi ta gefen arewa, nesa da inda kibiya ke kaiwa, tun hantsi har la'asar tana wucewa. Ba wanda ya yi musu kirari, ba wanda ya zage su, ba ma wanda ya ɗaga kai ya dubi ganuwar. Suka wuce gabas abinsu. Maharba suka sauko da kwarinsu a cike, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa.

Ba a yi mako ba sai zango ya fara motsi. Baƙin fatake ne suka fara ɗaure kaya, wannan ba wanda ya yi mamaki. Sai majema suka bi, sai marina, masu shuɗin hannu har gwiwa, suna ɗora tukwane da sandunan bugu a kan jakuna, matansu na biye da 'ya'ya a goye. Sarkin Ƙofa ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya sa aka tura ƙyaure, ya hau doki ya zo fada da gudu. Ya tarar da Sarki zaune a zaure, ba kowa tare da shi sai Abarshi, wanda tun da ya komo bai ƙara naɗa rawani ba.

Sarkin Ƙofa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce mutane sun cika ƙofar yamma har bakin kasuwa, ya rufe yana jiran umarni. Sarki ya tambaye shi ko sun ɗauki abin da ba nasu ba. Ya ce a'a. Sarki ya ce to a buɗe musu, ba a ɗaure mutum a inda ba zai ci ba.

Mutumin bai tashi ba. Ya daɗa sunkuyar da kai, ya ce akwai sauran magana. A gaban ayarin akwai doki goma sha biyu da raƙuma huɗu ɗauke da kayan gida, kuma mai su ya ce a gaya wa Sarki ba da fushi zai tafi ba, don kada talakawa su rasa nasu a can ne.

Sarki ya ce, "Wane ne?"

Sarkin Ƙofa ya ce, "Yarima Nomau ne, ranka ya daɗe."

Sarki Tankari ya daɗe yana kallon ƙofar zaure.

Can Sarki ya ce, "Shi ma a buɗe masa."